Ɗinkin Tufafin 'Yar Tsana da Yadi Mai Santsi a Ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum

1.0 Gabatarwa

Wasan 'yar tsana yana daga cikin tsofaffin wasannin 'yan mata a ƙasar Hausa, kuma shi ne makarantar farko inda yarinya ke koyon riƙe allura. Wannan maƙala za ta dubi yadda ake ɗinka wa 'yar tsana tufafi a yammacin Jihar Zamfara, watau ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, musamman wahalar da yadi mai santsi ke jawowa, da dalilinta, da kuma maganinta.

2.0 'Yar Tsana da Kayanta

A al'adance, da ƙashin ƙafar dabba ko karan dawa ko yumɓu ake yin 'yar tsana. Tsawonta ba ya cika wuce taƙi ɗaya ba. Akan yi mata kitso da zare, a rataya mata duwatsun wuya, sannan a ɗaura mata zane da kallabi. Idan wasa ya yi armashi har bikin aure akan yi mata, a tara mata kayan ɗaki irin na amaryar gaske. Ta haka yarinya ke koyon goyo da ado da zumunci tun ba ta san koyo take yi ba.

Tufafin kuwa daga ƙyallaye suke fitowa, watau guntayen da suka saura a wurin tela ko a ɗakin uwa. Zamfara ƙasar auduga ce, don haka ƙyallen da yaran da suka saba da shi na saƙi ne, mai kauri, mai zama inda aka ajiye shi. Ba a ce Bahaushe bai san siliki ba. Akwai zaren tsamiya, wanda ake samu daga saƙar wata tsutsa, ana aikin babbar riga da shi. Akwai kuma alharini da fatake ke kawowa ta Sahara, wanda Heinrich Barth ya tarar ana cinikinsa a Kano a 1851. Amma waɗannan kayan manya ne, ba su faɗowa hannun yara. Al'amarin ya canja ne bayan da aka ƙirƙiro nailan a Amurka a 1935, da foliyesta a Ingila a 1941. Da waɗannan zaruruwa aka yi ta saƙa yadudduka masu sheƙi da araha, har ƙyallayensu suka cika kwandon kowane tela.

3.0 Dalilin Santsi

Abubuwa biyu ne ke sa yadi santsi. Na farko shi ne zaren kansa. Silin auduga gajere ne, idan aka kaɗa shi sai ya bar 'yan gashi-gashi da ke kama juna. Silin siliki da na nailan kuwa dogo ne sumul, babu abin da zai riƙe shi. Na biyu shi ne saƙar. A saƙar gargajiya zaren kwance yana hawa ɗaya ya shiga ƙarƙashin ɗaya, sai su ɗaure juna tamau. A saƙar satin kuwa zare yakan tsallake huɗu ko fiye kafin ya nutse. Wannan ne ke ba shi sheƙi, shi ne kuma ke sa ya zame a hannu, bakinsa ya riƙa warwarewa.

A rigar babban mutum, in baki ya warware kaɗan ba a lura. A rigar 'yar tsana, wadda faɗinta bai wuce yatsu uku ko huɗu ba, wannan kaɗan ɗin yana iya cinye hannun riga ɗungurungum. Ashe ke nan ƙanƙantar aikin ita ke ƙara masa wuya.

4.0 Hanyoyin Shawo Kan Matsalar

(a) A jiƙa ƙyallen da ruwan sitaci mai tsinki, a shanya. In ya bushe zai yi ƙarfi kamar takarda; bayan ɗinki a wanke, laushinsa ya komo.

(b) A shimfiɗa shi a kan zanen auduga ko takarda kafin yanka, a yanka falle ɗaya-ɗaya da almakashi mai kaifi, a bi tsayen zare. In aka yanka a karkace, yadin zai miƙe, riga ta karkace.

(c) A bar baki mai ɗan yalwa, a rage shi bayan an gama.

(d) A fara riƙe ɓangarorin da ɗinki mai tazara, sannan a bi da ɗinkin gaske, ƙanana-ƙanana, da siririyar allura. Allura mai kauri tana jan zare ta bar tabo.

(e) A yi kalmasa ninki biyu don ɓoye bakin da ke warwarewa.

(f) A zaɓi fasali mai sauƙi. Zane da gyale da kallabi ba su buƙatar komai sai kalmasa. Riga mai hannu sai hannu ya faɗa.

(g) Guga kada ta yi zafi, a kuma sa wani ƙyalle a tsakani.

5.0 Gargaɗi Biyu

Wasu kan ƙona bakin nailan don ya daina warwarewa. Dabarar tana ci, domin nailan narkewa yake yi, amma narkakken yana manne wa fata ya yi mummunar ƙuna. Wannan aikin manya ne, ba na yara ba.

Na biyu ya shafi yumɓun da ake ƙera 'yar tsana. A 2010 gubar dalma daga daka duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da Bagega da 'Yargalma. Ƙurar tana shiga ƙasa, yara kuma suna kai hannu baki. Saboda haka kada a ɗebi ƙasar wasa, ko a bar ƙyallaye, kusa da inda ake daka ko wanke ma'adinai.

6.0 Kammalawa

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da ta iya yi wa satin kalmasa a kan rigar da ba ta kai tafin hannu ba ta riga ta koyi awo da haƙuri da tattali, waɗanda su ne jarin kowace mai ɗinki. Yanzu da 'yar tsanar roba ke zuwa daga kanti da rigarta a jiki, wannan makaranta tana fuskantar rufewa. Ya kamata ɗaliban Hausa su shiga gidaje su tattara kalmomi da dabarun wannan wasa daga bakin tsofaffi mata, iyaye kuma su ci gaba da miƙa wa 'ya'yansu ƙyalle da allura.