Darasi: Lissafin Rubutu Biyu Domin Masu Ƙaramin Jari

Idan kaka ta yi a ƙasarmu ta Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, kusan kowane gida yakan taɓa kasuwanci. Wani ya sayi masara ya ajiye, wata ta sari shinkafa shanshera ta turara ta kai inji, wani kuma ya ɗauki rake zuwa Kwanar Ɗangora. Kafin damina ta sake zagayowa sai ka ji kuka iri ɗaya: "Jarina ya karye, ban kuwa san inda ya bi ba." Sau da yawa nakan ce wa mai kukan ya nuna mini littafinsa. Wanda ma yake da littafi, abu guda ya rubuta, wato kuɗin da ya shiga hannunsa. Inda kuɗin ya fito da inda ya nufa, ya bar wa ƙwaƙwalwa, ita kuwa takan manta da abin da ba ya mata daɗi.

Akwai hanyar da akantoci suke bi a duk duniya, mu kira ta lissafin rubutu biyu. 'Yan kasuwar Italiya ne suka raya ta. Akwai littattafan baitulmalin birnin Jenowa na shekarar 1340 da aka rubuta a kan wannan tsari. Wanda ya fara bayyana ta a bugaggen littafi shi ne Luka Pacioli, ɗan ƙungiyar Waliyyi Faransis kuma malamin lissafi, a birnin Benis a shekarar 1494. Ba shi ya ƙago ta ba, ya dai tsara abin da fatake suke yi ne domin a iya koyarwa.

Tushenta guda ne. Babu abin da yake shiga wani wuri sai ya fito daga wani wuri. Saboda haka kowace harka ana rubuta ta sau biyu: sau ɗaya a shafin da ya karɓa, sau ɗaya a shafin da ya bayar. A nemi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A ba kowane abu shafinsa: Kuɗi, Jari, Haja, Ciniki, Ɗawainiya, Gida, sa'an nan kowane mai bashi da nasa shafin da sunansa a sama. A ja layi ya raba kowane shafi biyu. Abin da shafi ya karɓa a rubuta shi a hagu, abin da ya bayar a rubuta shi a dama. Akantoci suna ce wa hagu debit, dama kuma kiredit.

Bari mu ɗauki misali, farashin kuwa na misali ne kawai. A ce wata mata a Badafi ta kwashi adashi na naira 200,000, ta ce za ta yi sana'ar masara. Shafin Kuɗi ya karɓa, sai ta rubuta 200,000 a hagunsa. Wa ya bayar? Ita kanta, shafinta kuwa shi ne Jari, sai 200,000 a damansa. A nan mutane sukan yi tuntuɓe, suna cewa ai ni da kasuwancina abu ɗaya ne. A littafi ba ɗaya ba ne. Sana'ar tamkar baƙo ce da ka ba shi ajiya, dole kuwa a san nawa aka ba shi.

Ta je Kwanar Ɗangora ta sayi buhu 5 a kan 30,000 kowanne. Haja ta karɓi 150,000 a hagu, Kuɗi ya bayar da 150,000 a dama. Mota da 'yan dako suka ci 5,000: hagun Ɗawainiya, daman Kuɗi. Dillalin da ya san ta ya ƙara mata buhu 2 bashi. Ko kwabo bai motsa ba, amma harka ta auku, don haka 60,000 a hagun Haja, 60,000 a daman shafin dillali. Littafin da yake bin kuɗi kaɗai ba ya ganin irin wannan, shi ya sa bashi yake mamayar mutum.

Bayan 'yan makonni ta sayar da buhu 4 hannu da hannu a kan 36,000 kowanne, sai 144,000 a hagun Kuɗi da daman Ciniki. Wata mai tuwo ta ɗauki buhu 2 a kan wannan farashi za ta biya daga baya: 72,000 a hagun shafin mai tuwo, 72,000 a daman Ciniki. Aka koro yaro daga makaranta, ta zari 20,000 ta biya. Wannan ba ɗawainiyar sana'a ba ce, don haka hagun shafin Gida zai shiga, da daman Kuɗi. Ba laifi ba ne a ci daga sana'a, domin ita aka yi ta. Laifin shi ne a ci ba a rubuta ba.

To, yanzu ta buɗe gwangwaninta ta ƙirga, ta sami 169,000. Da 200,000 ta fara. Sai gabanta ya faɗi, ta ce ta yi asarar 31,000. Mu tambayi littafi.

Da farko mu gwada ko rubutun ya daidaita. A kowane shafi a cire ƙaramin gefe daga babba, a ga inda ragowar ta faɗa. A hagu akwai Kuɗi 169,000, Haja 210,000, Ɗawainiya 5,000, mai tuwo 72,000, Gida 20,000; jimla 476,000. A dama akwai Jari 200,000, dillali 60,000, Ciniki 216,000, jimla 476,000. Sun yi daidai. Da sun saɓa, da mun san an rubuta wani abu sau ɗaya, ko an yi kuskuren lamba, sai a koma a nemo shi kafin a kwanta barci.

Sai riba. Buhu 6 ta sayar a kan 216,000. Ta saye su a kan 180,000. A cire ɗawainiya 5,000, saura 31,000. Ashe riba ta ci, daidai adadin da take zaton ta yi asara. Ina kuɗin suke? Buhu ɗaya na 30,000 yana ɗaki, 72,000 suna hannun mai tuwo, 20,000 kuma sun tafi makaranta.

Amma kada ta yi saurin guɗa. Littafin da ya kwantar mata da hankali shi ne kuma yake gaya mata cewa cikin 169,000 da ke gwangwani, 60,000 na dillali ne. Yana kuma nuna mata cewa bashin mai tuwo ya ninka ribarta fiye da sau biyu. Idan mai tuwo ta ƙi biya, ribar ta tafi, ta kuma ja 41,000 daga uwar kuɗi. A ganina wannan ne babban amfanin tsarin, ya fi sanin riba kansa: yana sa ka san wane bashi ne ba za ka iya ɗauka ba tun kafin ka ba da shi.

Wani zai ce, yaya aka yi idan kuɗi ya shiga asusunsa na banki saƙon waya yake cewa kiredit, alhali mun ce abin da ya shigo hagu yake zuwa? Saboda littafin banki kake karantawa, ba naka ba. A wurin banki kai ne mai bayarwa, kuɗinka bashi ne a kansu.

Kada kuma a ɗora wa tsarin abin da ba zai iya ba. Idan ba a rubuta harka ko kaɗan ba, ko aka sa bashin wani a shafin wani, hagu da dama za su yi daidai alhali lissafin ƙarya ne. Littafi kuma ba ya jin motsin ƙwari a cikin buhu. Tilas ne a riƙa duba haja da ido, a ƙirga kuɗi da hannu, a kwatanta da abin da ke rubuce. Ma'ajin zumuntar mata ko na matasa da zai bi wannan hanya, ya riƙa yin ƙirgar gaban mutum biyu.

Ga aikin da za ku gwada a gida. Mai tuwo ta kawo 50,000 daga cikin bashinta. Matar ta biya dillali 40,000. Ƙwari kuma suka ɓata rabin buhun da ya rage, har ba ya sayuwa. Ku rubuta kowanne a shafuka biyu, ku buɗe sabon shafi mai suna Asara, sa'an nan ku faɗi nawa ne a gwangwani, nawa ne kuma ya rage na ribar. Wanda bai iya rubutu ba ya zauna da ɗansa ɗan makaranta su yi tare.