Ɗingishin Zomayen Gida

Ya kamata Hakimai da malamansu su sani cewa zomo mai ɗingishi ramewa yake yi, mai shi ya yi hasara. Abubuwa uku suka fi kawo wannan ciwo.

Na farko, gyambon dunduniya. Gashi ne kaɗai ke kāre tafin ƙafar zomo. In ya daɗe bisa ragar waya, ko ƙasa mai jiƙe da fitsari, sai gashin ya zube, miki ya fito. A sa masa katako, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa.

Na biyu, karaya. Ƙashin zomo ba shi da ƙwari. In an ɗauke shi ta kunne ya yi shure-shure, gadon bayansa yakan karye. A tallabe shi ta ƙirji da gindi.

Na uku, ƙazuwa, wadda kan ɓata yatsu da kunnuwa. Malamin dabbobi yana da allurarta, watau ivermectin.

Kada a ɗura wa zomo penicillin, gama yakan ɓata masa hanji ya mutu. Sai a karanta wa dagatai da masu unguwa na ƙasar Baure, su kuwa su gaya wa masu kiwo.