Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ina Yaron da Ya Gaji Kujerar Hamilton Ya Fito?

Tambaya: Ina kallon tseren motoci na Formula 1 tun zamanin da Lewis Hamilton ke lashe kambu a jere. Da ya koma Ferrari a 2025, sai na ga Mercedes ta ɗauki kujerarsa ta ba wani yaro ɗan shekara 18 mai suna Kimi Antonelli. An ce mini ya taɓa cin wata gasar matasa ta yankin Turai. Wace irin gasa ce, yaya ake gudanar da kakarta, kuma cin ta ya isa hujjar a damƙa wa yaro irin wannan mota? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Gasar da aka ba ka labari sunanta Formula Regional ta Turai, masu harkar kuma a zamanin Antonelli kan gajarce sunan su ce FRECA. Antonelli ya lashe ta a 2023 yana ɗan shekara 17. Bari mu bi kakar wannan shekarar, domin amsar tambayarka ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi, tana cikinta.

Da farko ka san cewa ba a faɗa wa Formula 1 daga sama. Tsarin ya yi kama da na makaranta. Firamare ita ce tseren ƙananan motocin nan marasa jiki da ake kira kat, inda yara kan fara tun suna shekara shida ko bakwai. Idan yaro ya cika 15 sai ya shiga Formula 4, wadda kusan kowace babbar ƙasar tsere take da tata. Ta Italiya ce aka fara yi, a 2014. Daga nan sai Formula Regional, wadda ta tashi daga ƙasa ɗaya ta haɗa yanki guda: akwai ta Turai, da ta Gabas ta Tsakiya, da ta Amurka, da ta Japan, da wadda ake yi a New Zealand. Sama da ita akwai Formula 3 da Formula 2, masu bin ayarin Formula 1 ƙasa-ƙasa. Ƙarfin inji ma haka yake hawa: a 2023 motar Formula Regional tana da ƙarfin doki kusan 270, ta Formula 3 na da 380, ta Formula 2 na da 620, ta Formula 1 kuwa tana kai wa wajen dubu. Formula Regional ta Turai kuwa, a siffar da Antonelli ya same ta, an kafa ta ne a 2021, da aka haɗe tsohuwar gasar Formula Renault Eurocup da wata sabuwa da hukumar motocin Italiya ta fara a 2019.

Abin da ya fi bambanta wannan gasa da wadda ka saba kallo shi ne mota. A Formula 1 kowace ƙungiya ita ke ƙera tata, shi ya sa gwani kan shekara yana fama a baya saboda motarsa ba ta da gudu. A FRECA kuwa, a 2023 kowa motar kamfanin Tatuus na Italiya yake tuƙawa, da injin Renault iri ɗaya, da tayar Pirelli iri ɗaya. Kujera ɗaya ce, tayoyi huɗu a waje, fukafukai gaba da baya masu danne motar ga kwalta idan ta ɗauki gudu, sai wani ƙarfe da ya kewaye kan direba don kariya, wanda ake kira halo. Da gangan aka yi haka, don a rage uzuri. Idan motoci fiye da talatin iri ɗaya suka tashi tare, wanda ya zo na ashirin ba shi da bakin cewa injinsa ne ƙarami.

Sai dai kar ka ɗauka an daidaita komai. Motar ɗaya ce, amma saitin ta ba ɗaya ba ne: tsayin ta daga ƙasa, taurin sifirin, kwanciyar fukafuki, iskar taya, duk injiniyoyin ƙungiya ne ke yanke su. Ƙungiya irin Prema ta Italiya, wadda Antonelli ya yi wa tuƙi, ta daɗe tana tara bayanai a kan kowace kwana ta waɗannan filaye. Yaron da ya samu gurbi a can ya fara da ƙafar dama. Don haka masu neman haziƙai ba teburin maki kaɗai suke dubawa ba. Suna auna direba da abokan tuƙinsa na ƙungiya ɗaya, waɗanda suka samu irin abin da ya samu.

Kakar 2023 zango goma ce, daga Afrilu zuwa Oktoba, kowane zango tsere biyu, jimilla ashirin. An fara a Imola ta Italiya, aka bi ta Basalona, Hungaroring, Spa ta Beljiyam, Mugello, Paul Ricard, Red Bull Ring, Monza da Zandvoort, aka rufe a Hockenheim ta Jamus. Duk filaye ne da Formula 1 ta yi tsere a kansu, wannan kuma wani ɓangare ne na karatun. Kafin kowane tsere akwai gwajin neman gurbi, inda wanda ya fi saurin zagaye ɗaya zai tsaya a sahun gaba. Tseren kansa minti talatin ne da ƙarin zagaye ɗaya, ba tsayawar canjin taya irin wadda ka saba gani. Makin irin na Formula 1 ne: 25 ga na ɗaya, 18 ga na biyu, 15 ga na uku, har zuwa maki ɗaya ga na goma. Da yake tseren gajere ne kuma wuce mota a wannan gasa akwai wuya, gwajin neman gurbin nan shi ne rabin aikin.

Antonelli, haifaffen Bologna, ya shigo ana masa kallon wanda zai cinye ba gardama. A 2022 ya lashe Formula 4 ta Italiya da ta Jamus a shekara ɗaya, a farkon 2023 kuma ya lashe Formula Regional ta Gabas ta Tsakiya, wadda aka yi a Dubai da Kuwait da Abu Dabi lokacin da sanyi ya rufe filayen Turai. Amma kakar ba ta zo masa da sauƙi ba. Wani ɗan Norwe mai suna Martinius Stenshorne, na ƙungiyar R-ace GP ta Faransa, shi ma sabon shiga, shi ya fara jan ragama, abokin tuƙin Stenshorne, Bajamushe Tim Tramnitz, ma yana cin nasa. Antonelli ya yi zango uku bai ci tsere ko ɗaya ba.

Nasararsa ta farko ta zo ne a ranar da babu wanda ya yi murna. Ran 1 ga Yuli, 2023, a filin Spa, aka yi tsere na biyu ana tsuga ruwa. Filin nan ya haura kilomita bakwai, yana ratsa daji da tuddai, kuma akwai wani hawa a cikinsa, Raidillon, wanda direba ba ya ganin abin da ke bayan tudun sai ya ɓullo. Motocin nan idan suna gudu a ruwa, tayoyinsu da fukafukansu na feso ruwa sama har na baya ya daina ganin gabansa. Dab da ƙarshen tseren, bayan an janye motar da ke rage wa ayarin gudu lokacin haɗari, motar Dilano van 't Hoff, ɗan ƙasar Holan mai shekara 18, na ƙungiyar MP Motorsport, ta ƙwace ta tsaya a tsakiyar hanya bayan wannan hawa. Wata motar da ke tafe a guje cikin feshin ruwa ta daki gefenta. Dilano ya rasu, wanda ya buge shi kuma, Adam Fitzgerald ɗan Ailan, ya samu karaya. Dilano ba ɗan koyo ba ne, shi ne zakaran Formula 4 ta Sifaniya a 2021. Kuma shekara huɗu kafin nan, a 2019, kusa da wurin ne Anthoine Hubert na Faransa ya rasu a tseren Formula 2, shi ma an buge shi ta gefe.

Na tsaya a kan wannan ne domin mutane kan ji "gasar matasa" su zaci wasan yara ne. Motocin suna wuce kilomita 200 a awa, wasu daga cikin masu tuƙa su kuma ba su kai shekarun riƙe lasisin tuƙi a titin garinsu ba. Antonelli kansa sai a farkon 2025 ya ci jarrabawar tuƙin titi. Ra'ayina a kan ranar Spa ba ɓoyayye ba ne: duk ranar da direba ba ya iya ganin motar da ke gabansa, bai kamata a saki yara su yi tsere ba, ko da zagaye ɗaya ya rage. Halo da ƙarfin jikin mota sun ceci rayuka da yawa, amma ba su da maganin motar da ta tsaya a gicciye a kan hanyar da ba a gani.

Daga Spa kaka ta juya. Antonelli ya riƙa tara maki zango bayan zango har ya karɓe saman tebur, ya kuma kammala aikin a Zandvoort cikin Oktoba, saura zango ɗaya a rufe. A tseren da ya ba shi kambun, daga gurbi na takwas ya tashi, a jiƙaƙƙiyar hanya, ya ratsa duk waɗanda ke gabansa cikin 'yan zagaye, ya ci da tazarar fiye da daƙiƙa goma. A gasar da motoci iri ɗaya ne, wannan tazara babba ce ƙwarai, kuma ruwa shi ke tona wanda ke jin motsin mota a jikinsa da wanda ya haddace hanya kawai. Ya gama da maki 300, Stenshorne na biye da 261, Tramnitz na uku. Ga lissafin da nake so ka riƙe: tsere biyar kaɗai Antonelli ya ci cikin ashirin. Biyar sau 25 maki 125 ke nan. Sauran 175 ɗin ya samo su ne a ranakun da wani ya riga shi, ya haƙura da na biyu ko na huɗu ya kawo motarsa gida lafiya. Wannan hali, ga ɗan shekara 16 zuwa 17, shi ne abin da kaka mai tsawon wata shida ke aunawa.

Kambun yana da wani amfani a hukumance. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ba ta ba da lasisin Formula 1 sai direba ya tara maki 40 na musamman cikin shekara uku, dokar da ta fara aiki a 2016 bayan Max Verstappen ya shiga yana ɗan 17. Zakaran FRECA a lokacin maki 25 yake samu, zakaran Formula 4 kuma 12. Da aka haɗa kambunansa, Antonelli ya wuce 40 tun bai taka Formula 2 ba.

To, ya isa hujja? Shi kaɗai, a'a. Gianluca Petecof na Brazil ya lashe gasar a tsohuwar siffarta a 2020, ya shiga Formula 2 a 2021, bayan 'yan tsere kuɗi suka yanke masa ya sauka. Grégoire Saucy na Suwizalan ya lashe ta a 2021, bai kai Formula 1 ba, ya koma tseren dogon zango. A wannan shekarar ta Saucy, Isack Hadjar na biyar ya zo, Franco Colapinto na shida, dukansu biyu kuma sun tuƙa Formula 1. Gabriel Bortoleto ma na shida ya zo a 2022, ya samu kujera a 2025. Masu daraja direba suna duba shekararsa ta nawa ce a gasar, da wace ƙungiya, da shekarunsa. Wanda ya ci a shekararsa ta farko ya fi wanda ya ci bayan ya maimaita. Ga kuma maganar da ba a son faɗi: a wannan mataki ba a biyan direba albashi, shi ne ke biyan ƙungiya, kuma kaka ɗaya takan ci ɗaruruwan dubban Yuro. Haziƙai da yawa a nan tafiyarsu ke ƙarewa, ba don sun gaza a sitiyari ba.

Antonelli bai shiga wannan damuwa ba, domin Mercedes ta ɗauke shi cikin shirinta na renon matasa tun yana ɗan 12, mahaifinsa Marco kuma direban tsere ne mai ƙungiyar kansa. Bayan FRECA sun tsallakar da shi Formula 3 baki ɗaya. A Formula 2 ta 2024 na shida ya zo, da nasara biyu, amma a shekarar sun yi ta gwada shi a tsofaffin motocinsu na Formula 1, suna karanta yadda yake taka birki da yadda yake lallaɓa taya. Wannan suka haɗa da kambun kafin su yanke shawara. A tserensa na farko a Formula 1, a Ostireliya cikin Maris 2025, ruwa ya sake sauka, ya tashi daga na 16 ya gama a na huɗu.

Tun da daga Najeriya ka rubuto, akwai sunan da zai ja hankalinka. Ugo Ugochukwu, wanda aka haifa a New York, mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, Oluchi Onweagba mai tallan kayan ƙawa, mahaifinsa kuma ɗan Italiya. Da tutar Amurka yake tsere. Ya zo na biyu a Formula 4 ta Italiya a 2023, ya yi FRECA da Prema a 2024, shekarar da Rafael Câmara na Brazil ya ɗauki kambu. A Nuwamban wannan shekarar Ugo ya lashe tseren Macau, wanda ake yi a kan titunan gari masu katanga hagu da dama, da motar Formula Regional, daga nan ya hau Formula 3 a 2025.