Yadda Ake Sa Faifan Ajiya Na Hannu A Tsohuwar Kwamfuta

Yawancin kwamfutocin da ke makarantu irin tamu tsofaffi ne, waɗansu kyauta aka bayar, waɗansu kuwa a gwanjo aka sayo. Cikin kayan da suka fi saurin mutuwa a jikinsu akwai faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had dis. A cikinsa ake adana sunayen ɗalibai, da sakamakon jarrabawa, da lissafin kuɗin makaranta. In ya mutu ba a samun sabon irinsa a kanti, gama an daɗe da daina ƙera shi, sai dai na hannu. A wannan darasi za mu koyi yadda ake sa shi, da yadda za mu gane ko ya isa a ba shi amana.

Mu san irin faifanmu

Faifai iri biyu ne za mu tarar a kasuwa. Na farko shi ne IDE, wanda ya fito a 1986. Yana da allurai a baya, layi biyu, kuma faffaɗar waya mai kama da ɗamara, mai ramuka 40, ita ke haɗa shi da babban allon kwamfuta. Na biyu shi ne SATA, wanda ya fara yaɗuwa daga 2003, wayarsa siririya ce. Bakin ɗaya ba ya shiga na ɗaya. Saboda haka kafin mu je kasuwa sai mu leƙa cikin kwamfutar mu ga wanne take karɓa. Darasinmu a kan IDE yake, domin shi ne mai wuyar sha'ani.

Mu lura da girma kuma. Kwamfutocin da aka yi kafin wajen 1994 ba sa ganin abin da ya wuce megabait 528. Da yawa daga waɗanda aka yi kafin wajen 1998 suna tsayawa a gigabait 8.4, na bayansu kuma har zuwa wajen 2002 suna tsayawa a gigabait 137. Wanda ya sayo babban faifai domin kwamfutar da ba za ta iya ganinsa duka ba ya yi asarar kuɗinsa.

Kafin mu taɓa komai

Mu kashe kwamfuta, mu zare wayar wuta daga bango. Sa'an nan mu taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin mu ɗauki faifan. Dalili kuwa shi ne, jikin mutum yakan tara lantarki, musamman da hunturu sa'ad da iska ta bushe. Wannan ɗan tartsatsin da muke ji in mun cire rigar sanyi ya isa ya ƙone ƙananan kayan da ke ƙarƙashin faifan. Mu riƙe shi ta gefe, kada kuma mu bari ya faɗi, gama a cikinsa akwai faranti mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da ɗan hannu mai karatu wanda ke shawagi dab da shi.

Jamfa da wayoyi

Waya guda ta IDE tana ɗaukar na'ura biyu, don haka dole a nuna wanda ke gaba da wanda ke biye. Ana yin haka da wata 'yar roba ƙarama da ake cusawa a kan allurai biyu a bayan faifan. Sunanta jamfa, amma ba ta sawa ba. A jikin faifan akwai zane mai nuna wurare uku. MA shi ne na gaba, SL shi ne mabiyi, CS kuwa yana nufin wayar ce za ta zaɓa. In faifan shi kaɗai ne, ko kuwa daga shi kwamfuta za ta tashi, sai mu sa shi a MA. In ƙari ne a kan wanda yake ciki, sai SL. Biyu a MA kan waya ɗaya ba za su zauna lafiya ba, sau da yawa kwamfutar ba za ta ga ko ɗaya ba. Waɗansu faifan Western Digital suna da nasu tsari dabam in su kaɗai ne, shi ya sa karanta zanen ya zama tilas.

A gefe ɗaya na faffaɗar wayar akwai jan layi. Wannan gefen yana zuwa wajen allura ta 1, wadda galibi take kusa da bakin wuta. Wayar wuta kuma tana da ramuka huɗu: ruwan ɗorawa mai bolt 12, ja mai bolt 5, da baƙaƙe biyu. Ta fuska ɗaya kaɗai take shiga. In ta ƙi, mu juya ta, kada mu sa ƙarfi. Daga nan sai mu ɗaure faifan da noti huɗu, biyu a kowane gefe.

Gabatar da shi ga kwamfuta

Da mun kunna, sai mu danna Del ko F2 mu shiga BIOS, wato ɗan shirin da ke duba kayan kwamfuta kafin ta tashi. In akwai Auto, mu zaɓe shi, za mu ga sunan faifan da girmansa sun fito. A kwamfutoci mafi tsufa mu ne za mu rubuta lambobin da ke kan takardar jikin faifan da hannunmu. In bai fito ba, mu kashe mu sāke duba jamfa da jan layi. In kuwa kwamfutar tana mance abin da muka tsara duk sa'ad da aka kashe ta, ba laifin faifan ba ne. Batirin nan mai kama da kwabo da ke kan babban allo, CR2032, shi ne ya ƙare.

Bayan haka sai a raba faifan gida-gida, a yi masa fomatin. A DOS da Windows 98 ana yin wannan da FDISK da FORMAT. Tsarin FAT16 ba ya wuce gigabait 2 a kowane gida a DOS, FAT32 kuwa, wanda ya zo a 1996, ya wuce haka nesa. Kada mu fara wannan aiki in ba mu da tabbacin wuta.

Gwaji kafin amana

Ga inda mutane da yawa ke yin sake. Faifai ya fito a BIOS ba shi ne lafiya ba. Ba mu san shekarun da ya yi yana aiki ba, ko sau nawa ya faɗi a hanya. Araha ba ta ado. Mu kasa kunne: ƙarar ƙwas-ƙwas mai maimaituwa alamar mutuwa ce. Mu zaɓi cikakken fomatin maimakon na gaggawa, mu kuma sa ScanDisk ko CHKDSK ya bincika fuskar farantin duka. Yawancin faifan da aka yi daga ƙarshen shekarun 1990 suna riƙe da rahoton lafiyarsu da ake kira SMART, wanda ke nuna awoyin da suka yi aiki da wuraren da suka lalace. In wuraren nan suna ƙaruwa, mu mayar wa mai shi tun da wuri.

Wani lokaci za mu tarar da wasiƙu ko hotunan mai shi na dā a ciki. Ba namu ba ne, kada mu buɗe su. Mu share su, gama ban da sirrin mutane, ƙwayar cutar kwamfuta ma takan ɓuya a cikinsu.

A ƙarshe, ko faifan ya ci dukan gwaji, tsoho ne. Duk takardar da makaranta ba za ta iya jure rashinta ba, a kwafe ta a wani wuri dabam kowane mako, a kuma buga sakamakon jarrabawa a takarda a ajiye a ofis.