Yadda Ake Haɗa Fuskar Wasa a Ajin Firamare

Fuskar wasa, wato marufin da ɗan wasa yake ɗaurawa domin ya ɗauki kamannin tsoho ko na dabba, ba baƙuwa ba ce ga yaran birnin Katsina, domin daga goma ga azumi sukan ga 'yan tashe sun lanƙaya gemun auduga suna zaga unguwanni. Fatake Hausawa ne ma suka kai wasan Dodo zuwa Wagadugu, inda yara suke sanya fuskokin dabbobi a watan Ramadan. Saboda haka malamin darasin al'adu da fasaha, wanda manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 ta tanada, ya kamata ya ɗora aikin a kan tashe, domin iyaye sun fi natsuwa da abin da suka taso suka tarar.

Da farko akan kifa ƙwaryar da faɗinta ya yi daidai da fuskar yaro, a shafe bayanta da man gyaɗa don kada takarda ta kama ta. Sai a dama sitacin rogo da ruwan zafi har ya yi kaurin kunu, a yayyaga tsofaffin jaridu da hannu, ba da almakashi ba, saboda yagaggen baki ya fi kwanciya a kan ɗan'uwansa. Yara su riƙa tsoma takardar suna shimfiɗawa, shimfiɗa biyar ko shida, kowace tana gitta ta ƙarƙashinta, sannan a dunƙula takarda a yi hanci da gira. A hunturu kwana biyu sun isa fuskar ta bushe a inuwa, amma da damina sai an ƙara haƙuri, in ba haka ba ta yi fumfuna.

Huda idanu shi ne wurin da ya fi buƙatar kula. Bayan an ɓamɓare ta daga ƙwarya, yaro ya kara ta a fuskarsa, abokinsa ya yi alama da alli, malami kaɗai ya yanka da reza, ya kuma buɗe ƙarƙashin hanci sosai, domin ƙaramin rami yakan hana yaro ganin gabansa, ya kuma takura masa numfashi.

Launi ba ya buƙatar fentin kanti: farar ƙasa da jar ƙasa da garin gawayi da bula, in aka kwaɓa kowanne da jiƙaƙƙen ƙaro, sun wadatar. Daga nan a manna auduga, a huda gefuna biyu a zura tsumma mai laushi, kowane yaro ya rubuta sunansa a ciki kafin ranar wasa.