Za Ka Sauya Mastan Birki? Ga Yadda Ake Haɗa Bututu da Adafta Ba Yoyo

Ɗan'uwa direba, idan motarka tana jigila tsakanin Kurya Madaro da Ƙauran Namoda, ko kana ɗibar 'yan kasuwa zuwa Shinkafi ranar Alhamis, ko kana bi ta Zurmi ka nufi Jibiya, ka san wahalar da birki yake sha. Ga lodi har but ba ya rufuwa, ga ramuka, ga shanu da ke faɗowa titi ba sallama. Shi ya sa da birki ya fara sanyi sai ka ji an ce, "A saka mata babban masta kawai a huta."

Sauya masta ba laifi ba ne. Inda ake samun matsala shi ne wurin haɗi. Mai faci yana ba tayarka iska 35 ko 40, amma idan ka danne birki da ƙarfi, matsin da ke cikin siririn bututun nan yakan haura 1,000 a wannan ma'aunin. Haɗin "ai ya shiga" ba ya jure wannan. Abu uku za ka daidaita kafin ka ciro kuɗi: faɗin masta, siffar bakin bututu, da haƙoran noti. Ga yadda za ka bi da su gobe da safe.

1. Tabbatar masta ne mai laifin

Tayar da mota, ka taka birki ka riƙe. Idan feda tana nutsewa a hankali har ƙasa, kuma babu alamar mai a bayan ko wace taya, robobin cikin masta sun gaji. Idan feda tana da laushi amma tana tauri in ka famfa sau biyu ko uku, iska ce a layi, ko kuma takalman birkin baya sun yi nisa da duram. Idan kuwa ta yi tauri ƙam mota ta ƙi tsayawa, duba busta, baƙin faifan nan da masta ke ɗaure a jikinsa, da tiyon da ke zuƙe iskar cikinsa zuwa inji. Kada ka sayi masta alhali cutar tana wani wuri.

2. Babba ba shi ne mai kamu ba

Nan mutane da yawa suke ruɗewa. Idan ramin masta ya ƙara faɗi, ƙarfin ƙafarka yana bazuwa a kan fili mai yawa, sai matsin da ke isa taya ya ragu. Ka tashi daga mai milimita 20.6 zuwa mai 23.8, ka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matsin. Feda za ta yi sama, ta yi tauri, ka zaci ka ci riba, sai ranar da ka yi lodin buhunan gero ka ga sai ka miƙe tsaye a kanta.

Duba jikin tsohon masta, galibi akwai lamba. Na Turai sukan sa 20, 22 ko 23. Na Japan sukan rubuta 13/16, 7/8, 15/16 ko 1, wato milimita 20.6, 22.2, 23.8 da 25.4. Idan ba ka saka manyan kalifa ba, ba ka kuma mayar da birkin baya daga duram zuwa faifai ba, tsaya a kan lambar da motar ta zo da ita. Idan ka yi ɗaya daga cikinsu, ƙara mataki ɗaya ya isa.

3. Ɗauki hoto, ka ƙirga bakuna

Kafin sifana ta taɓa komai, ɗauki hoto da waya ta sama da ta gefe. Ka naɗa salatif a kowane bututu, ka rubuta 1, 2, 3, 4.

Dalili kuwa, masta gida biyu ne a jiki ɗaya, don in ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da kai. A motoci irin Hilux, gida ɗaya na gaba ne, ɗaya na baya. A Golf 3 da yawancin ƙananan motoci masu ja da gaba, rabon a gicciye yake: gaban dama da bayan hagu, gaban hagu da bayan dama. Kada ka bari a haɗe gidajen biyu da mahaɗi mai baki uku don kawai bututu ya kai. Duk wanda ya yi haka, huda ɗaya ta raba shi da birki gaba ɗaya.

Ƙirga bakunan sabon ma. Golf mara ABS yakan zo da baki huɗu, mai ABS da biyu. Ka kuma lura da ɓangaren da suke kallo. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu, amma cikin kayan tokumbo akwai waɗanda aka ciro daga motocin Ingila da Japan masu sitiyari a dama, kuma bakunansu sukan kalli ɗaya gefen.

4. Kwance da sifanar bututu

Akwai sifana ta musamman mai zobe da ɗan tsagi, wadda ke zurawa ta kan bututu ta rungume noti. Lamba 10 ce ke yi wa yawancin motocin Japan, 11 kuma na Turai. Sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kusurwar noti, filaya kuwa ta gama da shi.

Wanke laka da tsatsar damina da burushin waya, ka fesa man kwance tsatsa tun da daddare. Zuƙe tsohon mai daga kofin masta da sirinji. Shimfiɗa tsumma a ƙasa, domin man birki yana cin fenti. In ya ɗiga a jikin mota, wanke da ruwa nan take.

5. Kalli bakin bututu da kyau

Noti ba shi ne ke tare mai ba. Aikinsa kawai ya danna bakin bututu a kan mazauninsa. Bakin kuma iri biyu ne.

Na farko a buɗe yake kamar ƙaramin mazurari, an ninke leɓensa ciki. Shi ne a Toyota, Honda, Nissan da tsofaffin motocin Amurka. Na biyu a kumbure yake, kansa a dunƙule, rami ɗan ƙarami a tsakiya. Shi ne a Golf, Sharan, Peugeot da Mercedes.

Yanzu haska fitilar waya cikin ramin sabon masta. Idan ka hango ɗan tsini ya taso a ƙasan ramin, mai ninki yake jira. Idan ƙasan ya lotsa ciki, mai kumburi yake so. Ka sa mai ninki a mazaunin mai kumburi, noti zai ɗauru tsaf, amma zai riƙa tsattsafo, ko yau ko bayan mako biyu.

6. Haƙoran noti: shiga ba dacewa ba ce

Mafi yawan motocin Japan da Turai suna amfani da M10x1, wato kaurin milimita 10, tazarar haƙori milimita 1. Wasu mastoci suna da baki ɗaya M12x1. Na tsofaffin motocin Amurka da inci suke: 3/8-24, 7/16-24 da sauransu.

Tarkon yana tsakanin 3/8-24 da M10x1. Na incin bai kai na milimita kauri ba da kusan rabin milimita, don haka yana shiga ramin M10 salin alin, har ya yi kamar ya ɗauru. Haƙoransa a gefe-gefe kawai suka kama. Gwajin mai sauƙi ne: murɗa shi da yatsu zagaye huɗu ko biyar, sannan ka girgiza. In yana rawa, ba nasa ba ne. In ya cije tun a zagaye na biyu, shi ma ba nasa ba ne. Fitar da shi.

7. Je kasuwa da tsohon a hannu

Ko a Ƙaura za ka saya, ko Gusau, ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano, kada ka dogara da kwatance ta waya. Ƙulle tsohon masta a leda tare da guntun bututu mai notinsa. A gaban mai shago ka jera su: tazarar ramukan ƙusa biyu na jikin busta, zurfin ramin baya, yawan bakuna, da fulogin wayar kofin mai. Ku yi magana tun farko cewa in bai hau ba za a canza.

Idan sai da adafta, faɗi abu huɗu: haƙori da baki na ɓangaren masta, haƙori da baki na ɓangaren bututu. Misali, "M12x1 mai kumburi zuwa M10x1 mai ninki." Adafta ɗaya a baki ɗaya. Kada a jera biyu ko uku a kan juna, kowane ƙarin haɗi ƙarin ƙofar yoyo ce. Kuma ta birki za ka nema, ba ta gas ko ta famfon ruwa ba.

8. Abubuwa huɗu da za ka ce a'a

Bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji: girgizar hanya tana sa shi tauri har ya tsage. Na birki ƙarfe ne, ko gamin jan ƙarfe da nikel da aka yi musamman don birki, kuma a ƙananan motoci kaurinsa milimita 4.75 ne, wato 3/16.

Walda ko like da wutar gas a kan bututun da ya huje: a cire shi a sa wani.

Guntun tiyon fetur da kilif a tsakiyar layi: ba zai ɗauki matsin ba.

Farin zaren masu gyaran famfo a kan haƙoran noti: ba ya tare komai a nan, kuma ɓurɓushinsa na iya toshe masta.

9. In bututu bai kai ba, a yi sabo

Sau da yawa wannan ya fi adafta tsafta: gajeren bututu mai noti da bakin da masta ke so a gefe ɗaya, da irin na motarka a ɗaya gefen. Nemi bakaniken da ke da na'urar buɗa baki, ka tsaya a kansa.

Ya auna tsawon da waya, ya yanka da abin yankan bututu, ya kankare bakin, ya hure ɓurɓushi. Ya zura noti kafin ya buɗa baki, domin in an manta sai an sake yankewa. Bakin mazurari marar ninki ba na birki ba ne, yana tsagewa. In ka ga bakin ya karkace ko ya yi zane, a sake. Wajen lanƙwasa, a bi da shi a kan wani abu mai zagaye don kada ya tsuke. A nisanta shi daga salansa da sandar sitiyari, a kuma mayar da shi cikin maƙalansa.

10. Duba sandar busta

Sandar da ke fitowa daga busta ta tura masta dole ta zo daidai. Ɗora sabon masta da hannu ba tare da noti ba. In ya zauna daram a jikin busta, madalla. In kana jin wani abu yana turo shi, sandar ta yi tsawo, kuma birki zai riƙa kamewa da kansa bayan 'yar tafiya, tayoyi su ɗau zafi. In ta yi gajarta, feda za ta yi tafiyar banza kafin ta kama. A wasu motoci ana iya daidaita kan sandar. In taka ba ta daidaituwa, wannan masta ba na motarka ba ne.

11. Fitar da iskar masta kafin ka ɗora

Kama shi a bayis ta kunnensa, ba ta cikinsa ba. Haɗa gajerun tiyo daga bakunan su koma cikin kofin, ka cika da mai, ka riƙa tura fistin a hankali har kumfa ya ƙare. Minti goman nan za su rage maka wahalar awa guda.

Wajen ɗorawa, fara kama notocin bututu da yatsu tun masta yana sako-sako, sannan ka ɗaure shi a busta. Jikin yawancin mastocin yanzu alminiyom ne, haƙori ba ya da wuyar lalacewa. Ɗaurin noti ɗan daidai ne, hannu ɗaya da gajeriyar sifana. Kada a sa bututu a ƙara mata tsawo.

12. Sabon mai, sabuwar roba

Karanta murfin kofin: DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma duka biyun suna shan danshi, kuma da sun sha wannan lambar ta faɗo. Don haka kada ka karɓi na tsiyaye ko robar da ta daɗe a buɗe. DOT 5 dabam yake, ba a gauraya shi da su. Baƙin mai da man giya suna kumbura robobi, ruwan omo kuma yana kawo tsatsa, ya tafasa da wuri.

Wajen fitar da iskar layi, sa yaron mota a kan feda, kai kana ƙasa. "Famfa! Riƙe!" Ka buɗe nonon fitar da iska na bayan taya, mai ya fita, ka rufe, sannan ka ce, "Saki!" A yawancin motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta. Bayan kowace taya leƙa kofin, domin in ya ƙafe an koma farko.

13. Gwada kafin ka kira fasinja

Goge kowane haɗi ya bushe. A danne feda da ƙarfi na rabin minti, kai kuma ka bi haɗin ɗaya bayan ɗaya da farar takarda. Ko ɗan danshi ka gani, aiki bai ƙare ba. Ƙara ɗauri kaɗan sau ɗaya. In bai daina ba, bakin ne bai dace ba, kwance ka duba.

Daga nan ka fita fili ba lodi. Taka a gudu 20, sannan 40, ka ga ko tana ja gefe ko tayoyin baya suna riga na gaba kullewa. Dawo ka kai hannu kusa da kowace taya ka ji ko wata ta fi sauran zafi.

Fara aikin da sassafe, kuma ba ranar kasuwa ba. Hanyoyinmu ba na gwajin birki da yamma ba ne. Mako guda bayan aikin, kowace safiya buɗe bonet ka duba layin mai a kofin. In ya sauka ko kaɗan, mota ba ta shiga tasha sai an gano inda ya bi. Allah ya tsare hanya.