Halasta Zubar da Jini a Finafinan Faɗa na Amurka: Nazarin Jigon Fansa da na Yaƙin Baƙin Halittu

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta rukuni biyu na finafinan faɗa na Amurka: na ɗan ina-da-kisa mai neman fansa, da na sojojin da ke yaƙar halittun da suka kawo mamaya daga wata duniya. An ɗauki jerin John Wick (2014 zuwa 2023) a matsayin misalin rukuni na farko, sannan Edge of Tomorrow (2014) da Battle: Los Angeles (2011) a rukuni na biyu. An bi hanyar kallon finafinan tare da ƙwanƙwance jigo da zubin taurari. Nazarin ya gano cewa finafinan fansa, duk da munin sana'ar tauraronsu, sun fi bayyana abin da kisa ke jawowa, alhali finafinan mamaya suna ɗauke wa mai kallo nauyin tunani ta hanyar raba abokin gaba da fuska da harshe.

1.0 Gabatarwa

Duk fim ɗin faɗa yana fuskantar matsala guda tun daga farko. Tauraronsa zai kashe rayuka masu yawa, kuma ana son mai kallo ya ci gaba da kasancewa tare da shi har ƙarshe. Don haka dole marubuci ya tanadi hujjar da za ta sa kisan ya karɓu. Sanin wannan hujja ya shafi manazarcin Hausa, domin irin waɗannan finafinai suna yawo a wayoyin matasa da gidajen kallo a ƙasar Hausa, wasu ma an juya su zuwa Hausa a ɗakunan fassara. Abin da fim ya koya wa mai kallo game da wanda ya cancanci mutuwa ba ƙaramin darasi ba ne.

2.0 Jigon Fansa a Finafinan John Wick

Fim na farko ya fito a 2014. Derek Kolstad ne ya rubuta shi, Chad Stahelski ya ba da umarni, Keanu Reeves kuma ya fito a matsayin tauraro. John Wick ɗan ina-da-kisa ne da ya bar sana'ar saboda aure. Da matarsa Helen ta rasu, sai aka kawo masa ɗan kwikwiyon da ta tanadar masa don ya ɗebe masa kewa. Ba a jima ba Iosef, ɗan Viggo Tarasov shugaban wata ƙungiyar miyagu 'yan Rasha a birnin Niyok, ya shiga gidansa da dare, ya sace motarsa ƙirar Mustang ta 1969, ya kuma kashe kwikwiyon.

An gina hujjar kisa a nan a kan ginshiƙai uku. Na farko, an fara nuna wa mai kallo makoki kafin a nuna masa bindiga, ta yadda kwikwiyon ya zama saƙon ƙarshe na mamaciya. Na biyu, an kawar da hukuma daga labarin. Akwai fitowar da ɗan sanda ya zo ƙofar gidan John, ya hango gawa a ƙasa, ya yi sallama ya juya. Wannan ya nuna babu kotun da za a kai ƙara. Na uku, an maye gurbin dokar ƙasa da dokar miyagu. A otal ɗin Continental an haramta zubar da jini, ana hada-hada da sulallan zinare, kuma alkawari yana da hatimin jini. Tun da John yana kiyaye waɗannan ƙa'idoji a farko, sai ya fito a matsayin mai mutunci a tsakanin marasa mutunci.

2.1 Sakamakon Fansa

Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma jerin finafinan ya bi wannan zafi har inda ya ƙone mai ramuwar. Komawar John fagen kisa ita ta ba Santino D'Antonio damar zuwa karɓar tsohon bashin alkawari a fim na biyu (2017), inda ya tilasta masa kashe 'yar'uwarsa Gianna a birnin Rum. Da John ya harbe Santino a cikin Continental, sai aka kore shi daga ƙungiya, aka sa ladar dala miliyan 14 a kansa. A fim na uku (2019) ya yanke yatsansa na zobe don neman afuwar shugabannin ƙungiyar. A na huɗu (2023) ya samu 'yancinsa ta hanyar fito-na-fito a gaban majami'ar Sacré-Cœur da ke Faris, amma fim ɗin ya rufe da nuna kabarinsa kusa da na matarsa.

Wani abin lura shi ne abokan gabar John mutane ne masu suna da dangi. Viggo uba ne da ke ƙoƙarin kare ɗansa, ko da yake ya san ɗan ne mai laifi. Caine, makahon makashi a fim na huɗu, tsohon aminin John ne da aka tilasta wa farautarsa ta hanyar barazana ga 'yarsa. Saboda haka kowane babban kisa yana barin bashi a baya.

3.0 Jigon Yaƙin Baƙin Halittu

Tushen wannan rukuni yana komawa ga littafin H. G. Wells mai suna The War of the Worlds (1898), wanda ya sa Ingila, mai mamayar ƙasashen wasu, ta ɗanɗani mamaya daga halittun duniyar Mas. Wells ya kwatanta lamarin da abin da Turawa suka yi wa mutanen Tasmaniya, wato labarin ya faro ne a matsayin madubin duba kai. Yawancin finafinan da suka biyo baya sun ajiye madubin, suka riƙe yaƙin.

A Battle: Los Angeles, Aaron Eckhart ya fito a matsayin Saje Michael Nantz, wanda rukuninsa ya shiga yankin Santa Monica don kwaso fararen hula kafin jiragen yaƙi su yi ruwan bama-bamai. Baƙin halittun ba su magana da kowa, ba a kuma san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Akwai fitowar da sojojin suka farke jikin wani da suka kama da rauni, suna laluben inda harsashi zai fi yi masa illa. Da mutum aka yi wa haka da mai kallo ya kawar da kai, amma a nan an gabatar da shi a matsayin dabarar yaƙi. Haka ma a Independence Day (1996), shugaban Amurka ya nemi sulhu da wani baƙon halitta da aka tsare, shi kuwa ya ƙi. Da wannan fitowa guda aka toshe ƙofar tattaunawa.

3.1 Mutuwa Marar Asara a Edge of Tomorrow

Doug Liman ne ya ba da umarnin wannan fim, wanda aka ciro daga littafin marubucin Japan Hiroshi Sakurazaka na 2004. Tom Cruise ya fito a matsayin Manjo William Cage, jami'in hulɗa da jama'a wanda bai taɓa shiga fagen daga ba, aka tura shi cikin farmakin da aka kai gaɓar tekun Faransa daga Landan. Zubin farmakin yana tuna saukar dakarun ƙawance a Nomandi ranar 6 ga Yuni, 1944, kuma an saki fim ɗin a Amurka ranar da wannan sauka ta cika shekara 70. Ta haka aka aro wa yaƙin ƙage martabar yaƙin tarihi.

Bayan jinin wata babbar halitta ya zuba a jikin Cage, sai ya zama duk lokacin da ya mutu yakan farka a ranar da ta gabata. Da taimakon Saje Rita Vrataski, wadda Emily Blunt ta fito a matsayinta, ya mayar da mutuwa hanyar koyo. Fim ɗin ya nuna gajiyar zuciyar mutumin da ya sha ganin abokiyar gwagwarmayarsa tana mutuwa, kuma ya tabbatar da cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a ƙarshe, bayan an tarwatsa ƙwaƙwalwar maharan a ƙarƙashin gidan tarihi na Louvre, lokaci ya sake komawa baya, waɗanda suka sadaukar da rayukansu a harin ƙarshe duk suka dawo da rai. An ci nasara, an kuma shafe farashinta.

4.0 Sakamakon Nazari

Kwatancen ya fito da abubuwa uku. Ta fuskar hukuma, fim ɗin fansa yana cire ta gaba ɗaya, fim ɗin mamaya kuwa yana mayar da duniya duka barikin soja. Ta fuskar abokin gaba, na farko yana ba shi suna da dalili, na biyu yana hana shi ko da harshe. Ta fuskar sakamako, ɗan ina-da-kisa yana biya da gidansa da yatsansa da ransa, soja kuwa yana fita da yabo.

Kowane rukuni yana da nasa haɗarin. Fim ɗin fansa yana ƙawata ɗaukar doka a hannu, abin da ya saɓa wa tsarin ƙisasi da mafi yawan masu kallo Hausawa suka sani a shari'ar Musulunci, inda alƙali ne ke yanke hukunci, kuma ƙofar yafiya da diyya a buɗe take. Fim ɗin mamaya kuma yana sabar wa zuciya da tunanin cewa akwai abokin gabar da babu abin yi da shi sai shafewa, tunanin da ke saurin tsallakawa daga baƙin halitta zuwa baƙon mutum. Finafinai irin su District 9 (2009) da Arrival (2016) sun nuna cewa ana iya juya wannan jigo, a bai wa baƙon murya.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa yawan harbi ba shi ne ma'aunin da ya dace a auna fim ɗin faɗa da shi ba. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne a tambayi wa aka kashe, wace hujja aka bayar, kuma wa ya biya bashin jinin. Akwai buƙatar nazari na gaba ya duba yadda masu fassara waɗannan finafinai zuwa Hausa suke sarrafa kalmomin fansa da jarunta, domin a bakinsu ne hujjar kisan take isa kunnen mai kallo.